Cire Suna Ba Ya Ɓoye Mutum: Yadda Za Ka Rufa wa Mutanen Bincikenka Asiri

Jimlar da na fi yawan ji daga bakin ɗalibai, idan na tambaye su me suka yi don kare mutanen da suka ba su bayani, ita ce: "Malam, ai na cire sunayen." Da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma na san babu mai niyyar cutar da kowa a cikinsu. Sai dai goge layin suna daga jadawali shi ne mafi ƙanƙantar aikin, kuma sau da dama ba ya hana a gane mutum. Matar da ta zauna ta gaya maka cutar da ke jikinta, ko bashin da ake bin ta, ko abin da shugabanta yake yi mata a wurin aiki, amana ta damƙa maka. Kai za ka karɓi takardar shaidarka ka ƙara gaba, ita kuwa za ta ci gaba da zama cikin mutanen da ta yi magana a kansu.

A 1997 wata ɗalibar jami'ar MIT a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna haka a aikace. Hukumar inshorar lafiyar ma'aikatan jihar Masachusets ta raba wa masu bincike bayanan asibiti na ma'aikatan, bayan ta cire suna da adireshi. Ta bar ranar haihuwa, da jinsi, da lambar shiyyar gidan waya. Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Kambirij a kan dala 20, ta jera ta kusa da bayanan asibitin. Mutum shida ne a rajistar ranar haihuwarsu ta zo ɗaya da ta gwamnan jihar, William Weld. Uku daga ciki maza ne, kuma shi kaɗai ne yake zaune a shiyyarsa. Da haka ta zaro tarihin jinyar gwamna sukutum. Daga baya ta lissafa cewa waɗannan abubuwa uku kaɗai sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka, kowa shi kaɗai.

Saboda haka tambayar da nake so ta zauna maka a rai ita ce: wanda ya riga ya san wani abu game da mutumin nan, zai iya gane shi a cikin abin da na riƙe? Maƙwabcinsa nake nufi, da matarsa, da shugabansa, da ɗan jarida mai naci. Duk abin da zan faɗa nan gaba daga wannan tambayar ya fito.

Tun kafin tambayar farko

Abin da ba ka karɓa ba, ba za a sace shi a hannunka ba, ba zai ɓata ba, kotu kuma ba za ta ce ka miƙa shi ba. Ɗauko takardar tambayoyinka ka bi ta layi-layi da biro. A gaban kowace tambaya rubuta babin ko jadawalin da amsarta za ta shiga a kundinka. Wadda ka rasa inda za ka sa ta, soke ta. Ɗalibai kan ce, "A bar ta, Malam, wataƙila ta yi amfani nan gaba." Irin wannan tunanin ne ya cika kwamfutocin jami'o'i da sirrin mutane wanda babu mai buƙatarsa, babu kuma mai gadinsa.

Idan rukunin shekaru ya ishe ka, misali 30 zuwa 39, kada ka tambayi ranar haihuwa. Idan ba za ka sake komawa wurin mutum ba, me za ka yi da lambar wayarsa? Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK suna iya ɗaukar daidai inda kake tsaye ta GPS, wato ƙofar gidan wanda kake yi wa tambaya. Kada ka sa wannan a fom sai in bincikenka ba zai yiwu ba sai da shi. Inda mutum yake zuwa yana tona shi ƙwarai: a 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka nazarci bayanan wayar mutum miliyan ɗaya da rabi, suka gano cewa wurare huɗu tare da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen. Shi ya sa shirin DHS, mai binciken lafiya da yawan jama'a a ƙasashe masu tasowa, yake gusar da wurin kowane rukunin gidaje da gangan kafin ya saki bayanai, har kilomita 2 a birni, har kilomita 5 a mafi yawan karkara.

Akwai bayanan da ɓullarsu kan jawo wa mutum kora daga aiki, ko mutuwar aure, ko ɗauri: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, rayuwar jima'i, ƙwayoyin halitta, tarihin laifi. Idan bincikenka ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ka ninka taka-tsantsan a kowane mataki.

Daga nan zana hanyar da bayanin zai bi, a shafi ɗaya tak: daga bakin mutum zuwa na'urar naɗar murya, zuwa kwamfuta, zuwa mai rubuta hirar, zuwa malamin da ke duba aikinka, zuwa kundi, zuwa ɗakin karatu. A kowace mahaɗa rubuta wa zai taɓa shi, a ina zai kwana, yaushe za a goge shi daga can. Wannan shafin za ka kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, kuma izininsu kafin a fita ake samunsa. Ka kuma nemi jami'in kare bayanai na cibiyarka ka tambaye shi dokar da ta hau kanka. Tarayyar Turai tana da dokar kare bayanai mai suna GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Gana ta yi tata dokar a 2012, Afirka ta Kudu a 2013, Kenya a 2019, Najeriya a 2023. In kana aiki da jami'ar wata ƙasa, dokoki biyu na iya hawa kanka a lokaci guda.

Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka

Tsakanin 2001 da 2006 Kwalejin Boston da ke Amurka ta ɗauki nauyin naɗar hirarraki da tsofaffin mayaƙan rikicin Ayalan ta Arewa, daga ɓangarorin biyu. An yi musu alkawari ba za a saki muryar kowa ba sai bayan ransa. Suka saki jiki suka yi magana. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi hirarrakin ta hannun ma'aikatar shari'ar Amurka, bisa yarjejeniyar taimakon shari'a da ke tsakanin ƙasashen biyu. Aka sha shari'a, ƙarshe aka miƙa wasu daga ciki. A 2014 'yan sanda suka tsare Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin a lokacin, wanda aka ambata a hirarrakin, kwana huɗu suna yi masa tambayoyi, sannan suka sake shi ba tare da tuhuma ba. Masu hirar sun yi alkawarin da gaskiya, amma ba su da ikon cika shi a gaban kotu.

Don haka ka cire jimlar nan ta "babu wanda zai taɓa sanin abin da ka faɗa" daga takardar amincewarka. Faɗi gaskiya dalla-dalla: ni da wane da wane ne za mu ji muryarka; za a ajiye ta a wuri kaza har shekara kaza; idan kotu ta nema ba zan iya hanawa ba; idan na ji ana cutar da yaro ko wani yana cikin haɗari, dole in sanar. Ka faɗi wannan kafin ka kunna na'ura, domin mutum ya san inda zai tsaya a maganarsa. A tattaunawar rukuni kuwa, gaya musu ƙarara cewa bakinka kawai kake iya riƙewa, ba ka da iko da bakin sauran mutanen da ke zaune.

Amincewa kuma tana da iyaka, iyakarta ita ce abin da mutum ya fahimta. Wajen 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin 'yan ƙabilar Havasupai, ɗaya daga ƙabilun asalin Amurka, waɗanda suka fahimci ciwon sukari za a bincika. Daga baya suka ji an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, da auren dangi, da asalin ƙabilar, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. A 2010 aka sasanta, aka biya su dala 700,000, aka mayar musu da jinin da ya rage. Idan kana tunanin za a sake amfani da bayanan a wani bincike, ko za a ajiye su a rumbun da wasu za su ɗauka, ka ware masa tambaya tasa daban, mutum ya ce i ko a'a.

Karanta takardar da baki, cikin harshen da mutum yake ji, sannan ka ce ya maimaita maka abin da ya gane. Ka ba shi rana takamaimai wadda kafin ta zai iya cewa a cire bayaninsa, don bayan an buga kundi ba ya ciruwa. Inda sa hannu kansa haɗari ne, kamar hira da 'yan gudun hijira marasa takardu, nemi izinin kwamiti ka karɓi amincewa da baki. Kuma idan ta hannun shugaban ma'aikata ko shugaban makaranta ka shiga, kada ya san wa ya amsa gayyata wa ya ƙi. Kada ka yi hirar a ofishin da ke kallon nasa.

Wani abu da nake yawan gardama a kai shi ne bayanan kafafen sada zumunta. A 2016 wasu masu bincike a Denmak suka kwashi bayanan mutum kusan 70,000 daga shafin neman masoya na OkCupid suka zuba a intanet, da hujjar cewa ai dama a fili suke. Ban yarda da wannan hujjar ba. Wanda ya rubuta abu don masu neman abokin zama su gani bai amince a tara shi a jadawali don duniya ba. Ka kuma tuna, idan ka kwafi rubutun mutum kalma da kalma a kundinka, duk wanda ya liƙa jimlar a Google zai iya isa kansa.

Makulli daban, bayani daban

Wannan matakin nake zama da ɗalibi mu yi tare, don a nan aka fi yin sakaci.

Buɗe fayil guda mai layi biyu: lamba da suna. Shi ne makullinka. A duk sauran wurare, wato takardar tambayoyi, sunan fayil ɗin murya, rubutun hira, littafin da kake rubuta abin da ka gani a fili, lambar kawai za ta bayyana. Kada lambar ta ƙunshi harufan farkon suna, ko shekarar haihuwa, ko sunan gari. Kada kuma ta bi jerin yadda ka gana da mutane, domin wanda ya san ka fara da wane zai iya ƙirgawa ya gane na biyu da na uku. Sa kwamfuta ta zaɓo maka lambobi barkatai, ka raba.

Makullin nan ba ya kwana wuri ɗaya da bayanan. Ajiye su a jakar kwamfuta ɗaya daidai yake da kulle ɗaki a bar makulli a jikin ƙofa. Ko dai ya zama a takarda cikin durowa mai kwaɗo, ko a fayil mai kalmar sirri tasa daban a wata na'ura. Takardun amincewa ma suna ɗauke da suna da sa hannu, saboda haka kada ka maƙala su a jikin takardun amsa. Tun a fili ka raba su, ambulan biyu.

Wasu masu ɗan sanin kwamfuta sukan ce za su niƙa lambar waya ko lambar ɗan ƙasa da lissafi ta koma wasu harufa marasa ma'ana. A 2014 hukumar tasi ta birnin Niyu Yok ta yi haka da lambobin motoci da na lasisin direbobi a bayanan tafiye-tafiye miliyan 173 da ta saki, ta amfani da lissafin MD5. Wani injiniya, Vijay Pandurangan, ya lura cewa lambobin tsari ɗaya suke bi kuma yawansu yana da iyaka. Sai ya niƙa duk lambar da za ta iya yiwuwa, ya gwama da na hukumar, direbobi suka fito fili. Lambar waya ma tsarinta sananne ne, haka za a yi mata.

Muddin makullin yana nan, bayananka bayanan mutane ne, kuma GDPR ma haka ta ɗauke su. Ranar da ka gama komawa wurin mutane, wa'adin janyewa kuma ya wuce, lalata makullin idan tsarin da kwamiti ya amince da shi ya ba da dama.

Waya, kwamfuta da filashi

Kalmar sirrin da kake shiga kwamfuta da ita ba ta hana ɓarawo ya zare faifan ajiya ya karanta a wata na'ura. Abin da ke hanawa shi ne a kulle faifan gaba ɗaya ta yadda abin da ke ciki ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Windows tana da BitLocker, Mac tana da FileVault, VeraCrypt kuma kyauta ce, tana yi wa filashi ma. Kunna ɗaya daga ciki yau, kafin bayanin farko ya shiga, ka ajiye mabuɗin ceto a wurin da ba jakar kwamfutar ba. Wannan zai rufa maka asiri ranar da kwamfutar ta lalace ka kai ta wurin mai gyara.

Idan da waya kake naɗa, duba ko tana tura hotuna da muryoyi da kanta zuwa Google ko iCloud, ka kashe. Kwashe abin da ka naɗa zuwa kwamfuta a ranar, ka saurara ka tabbata ya kwafu, ka goge na wayar. Kada ka tura wa abokin aiki murya ta WhatsApp. Gaskiya ne saƙon a kulle yake tafiya, amma da ya isa sai ya zauna a wayar da yaransa suke wasa da ita. In tura fayil ya zama dole, ƙunshe shi da manhajar 7-Zip, zaɓi tsarin kullewa na AES-256, ka kuma zaɓi a ɓoye sunayen fayilolin. Kalmar sirrin ta bi wata hanya daban, misali ka kira shi ka faɗa masa. Imel ɗinka da rumbun jami'a su kasance da tabbaci mai mataki biyu. Idan za ka aika wa mahalarta saƙo ɗaya, sa adireshinsu a layin ɓoye na imel (Bcc), ko ka aika ɗaya-ɗaya, kada kowa ya ga sunan kowa.

Mai rubuta maka hira, da tafinta, da mataimakan da ke fita fili tare da kai, kowa ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Zauna da su ka yi bayani, kada ka miƙa takarda kawai. Kuma kada ka ba mutum ya rubuta hirar wanda ya sani, domin murya ba ta ɓuya. Shafukan intanet da ke mayar da murya rubutu, da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, duk miƙa wa wani kamfani bayanin mutane ne. In ba ka faɗa a takardar amincewa ba, kuma jami'arka ba ta da yarjejeniya da kamfanin, kada ka ɗora. Akwai irinsu da ke aiki a kan kwamfutarka ba tare da intanet ba, kamar Whisper.

Fayiloli kuma suna da abin da suke ɓoyewa a ciki. Hoton waya yakan ɗauki rana da lokaci da wurin da aka ɗauke shi, manhajar ExifTool tana nuna su tana kuma gogewa. Takardar Word tana iya riƙe tarihin gyare-gyare, har da ainihin sunan da ka maye da na aro. Layin da ka ɓoye a Excel yana nan daram. Baƙin akwatin da ka zana a kan suna a PDF sau da yawa rufi ne kawai, mai kwafar rubutun zai ga abin da ke ƙasa.

Wurin da aka fi gane mutane: cikin rubutun kansa

A ce kana binciken halin da mata suke ciki a wurin aiki, wata ta ce maka:

"Ni kaɗai ce mace a sashen gyaran injuna. Da na dawo daga hutun haihuwar tagwayena a watan Maris, sai na tarar shugaban sashe, wanda aka kawo daga reshen tashar jiragen ruwa bara, ya ba wani kujerata."

Ka ba ta sunan aro, ka kira wurin "wata masana'anta", duk aikin banza ne. Baƙo ba zai gane ta ba, amma duk abokin aikinta ya gane ta tun a jimlar farko, kuma shugaban nan shi ne zai fara neman kundinka. Ƙirga abin da ke tona ta: ita kaɗai ce mace, sunan sashen, tagwaye, watan, da inda shugaban ya fito. Yanzu tambayi kanka wanne ne bincikenka yake buƙata. Abin da kake son nunawa shi ne an ƙwace mata matsayi bayan hutun haihuwa. Sai ka rubuta: "Da na dawo daga hutun haihuwa, sai na tarar [shugabana] ya ba wani kujerata." Duk abin da ka sauya ka sa shi cikin baka mai kusurwa, ka riƙe jerin sauye-sauyen a wurin makulli, ka kuma faɗa a babin hanyoyin bincike cewa ka yi haka. Idan kasancewarta ita kaɗai shi ne zuciyar hujjarka, faɗe shi a sharhinka game da mahalarta gaba ɗaya, kada ka liƙa shi a jikin maganarta. In har ba ya rabuwa, koma wurinta ka nuna mata sakin layin yadda zai fito, ita ta yanke hukunci. Ni a wurina maganarta ce ƙarshe, ko da zan rasa jimlar da ta fi kowace daɗi a babin.

Ka lura kuma da taruwar maganganu. Idan sunan aro ɗaya ya bayyana a babi huɗu, nan ta ambaci shekarunta, can sana'ar mijinta, gaba kuma ciwon ɗanta, mai karatu zai harhaɗa ya samu mutum cikakke. Mutanen da aka ambata a cikin hira, kamar shugaban nan, su ma ba su ba ka izini ba, a ɓoye su.

A ɓangaren alƙaluma, ƙananan gurabe ne matsalar. Jadawalin da ya nuna cewa namiji ɗaya ne ya haura shekara 60 a cikin malaman wata makaranta, sannan a layin masu shan maganin ƙanjamau na wannan rukunin aka rubuta 1, ya gama tona mutumin. Hukumomin ƙididdiga da yawa ba sa buga gurbin da bai kai 5 ko 10 ba. Haɗe rukunoni, ko ka rufe gurbin. In ka rufe, duba kada a iya ciro shi ta hanyar ɗebe sauran gurabe daga jimla, wanda yakan sa dole a rufe na biyu. Sweeney da Pierangela Samarati sun kawo wata ƙa'ida a 1998 wadda za ka iya gwadawa a Excel: haɗa shekaru, jinsi, sana'a da wuri, ka ƙirga mutum nawa suka yi tarayya a kowane haɗi. Duk inda ka ga mutum ɗaya ko biyu, faɗaɗa rukunin. Amma ko sun kai biyar, idan dukansu amsa ɗaya suka bayar a tambaya mai nauyi, sanin cewa mutum yana cikin rukunin ya isa. Na gefe-gefe su ne suka fi fitowa fili: mafi tsufa, mafi yawan 'ya'ya, mafi albashi. Dokar HIPAA ta Amurka, wadda ta lissafa abubuwa 18 da ake cirewa daga bayanan lafiya, ta ce duk wanda ya haura shekara 89 a zuba shi a rukuni ɗaya. Jerin nan yana da amfani ko da dokar ba ta shafe ka ba.

Idan mujalla ta ce ka saki bayananka

Mujallu da masu ba da tallafi suna ƙara neman a saki bayanai don wasu su tantance sakamako, kuma manufa ce mai kyau. Sai dai abin da ka saki a intanet ba ya dawowa. A 2006 Netflix, mai hayar fina-finai, ta saki ra'ayoyi miliyan 100 a kan fina-finai na masu amfani da ita kusan 480,000, ba suna. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Teksas suka gwama su da ra'ayoyin da mutane suka rubuta a fili a shafin fina-finai na IMDb, suka gane wasu. A 2013 ƙungiyar Yaniv Erlich ta gano mutum kusan 50 daga bayanan ƙwayoyin halitta marasa suna, ta amfani da rumbunan tarihin zuriya da ke buɗe ga kowa. Ba ka san wane jadawali wani zai saki baɗi ba wanda za a jera kusa da naka.

Akwai hanya ta tsakiya. Rumbuna irin su ICPSR a Jami'ar Mishigan da UK Data Service suna karɓar bayanai su kulle, ba sa ba kowa sai wanda ya nema, ya faɗi dalili, ya sa hannu a yarjejeniya. Takardar tambayoyi, da bayanin ma'anar kowane layi, da umarnin lissafin da ka yi amfani da shi, waɗannan ka sake su a fili. Rubutun hira da murya kuwa, rubuta wa edita cewa amincewar da ka karɓa ba ta kai nan ba. Editoci sun saba jin haka.

Ranar da abu ya ɓata, da ranar gogewa

Idan filashi ya faɗi, ko an sace waya, ko ka tura fayil ga wanda bai dace ba, sanar da malaminka da jami'in kare bayanai a ranar. GDPR ta ba cibiya awa 72 daga lokacin da ta sani ta kai rahoto ga hukuma idan akwai haɗari ga mutane, dokokin Kenya da Najeriya ma haka. Rubuta me ya ɓata, na mutum nawa, a kulle yake ko a buɗe. Sauya kalmomin sirri. Idan abin zai iya cutar da mahalarta, suna da haƙƙin su ji da wuri, domin su ne za su san yadda za su kare kansu. Ɗalibin da ya yi shiru don tsoron faɗa ya hana su wannan damar.

Gogewa ma aiki ce mai ƙa'ida. Zubar da kwandon shara na kwamfuta ba ya share fayil, manhajar ceto tana dawo da shi. A filashi da faifan SSD ko rubuta wani abu a kai ba shi da tabbas, shi ya sa na nace a kulle su tun farko: in ka lalata mabuɗin, abin da ya rage ba ya karantuwa. Takardu a yayyanka su da inji ko a ƙone su a gaban idonka. Bi shafin nan da ka zana hanya ɗaya bayan ɗaya, har da imel, da kwamfutar mai rubuta hira, da kwafin da ke wurin malaminka. Muryoyi su ne farkon tafiya da zarar an tantance rubutun. Sauran bayanan jami'a ko mai tallafi za su faɗa maka shekarun da za a riƙe su. Tun da mai yiwuwa ka bar jami'ar kafin wa'adin ya cika, rubuta takardar miƙa aiki kafin ranar kare kundinka: ina bayanan suke, wa ke riƙe da mabuɗi, wace rana za a goge, da sunan ma'aikacin da zai goge. Ku sa hannu ku biyu, kwafi ɗaya ya tafi wurin kwamitin ɗa'a.